Bayanin Ginin Gida a Sanyinna

A Sanyinna ta ƙasar Tambuwal, mai nufin gina gida ba shi aza tubali sai bayan kaka, domin ruwa da ɗanyar ƙasa ba su ga maciji. Da fari magini shi auna fili, shi fidda zaure ga bakin hanya, sa'an nan turaka, ɗakunan mata daga ciki saboda sutura. A kwaɓa ƙasa da ciyawa, a yi tubali, shi bushe ga rana. Rufin soro sai azarar giginya, wadda gara ba ta ci, a shafe da makubar ɗorawa. Amma indararo, kada shi zuba ga katangar maƙwabci. Nan ne shari'a ka tasowa: katanga ta faɗi, zumunci shi bi ta. Allah shi tsare.