In Asibiti Ya Yi Maka Jinkiri, Ina Za Ka Kai Kuka?

A daminar da ta wuce, wani maƙwabcina ya kai matarsa wani asibiti tana naƙuda. Sun isa wajen ƙarfe tara na dare. Nas ɗaya tak suka tarar, tana fama da ɗakuna biyu. Aka ce ya yanki kati, ya sayo safar hannu da auduga, kana su jira likita. Likita kuwa bai iso ba sai da gari ya kusa wayewa. Uwar ta rayu, amma jaririn bai zo da rai ba.

Da na je yi masa gaisuwa, na tambaye shi ko ya gaya wa wani babba a asibitin abin da ya faru. Ya ce, "Malam, sai haƙuri. Wa zai saurari talaka? In na yi magana kuma, gobe na kai yaro ba za su dube shi ba."

Wannan tsoro yana cikin gidaje da yawa, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Jabo har Kebbe. Haƙuri abu ne mai kyau. Amma haƙuri dabam, shiru dabam. Gama in kowa ya yi shiru, matar da za a kawo gobe da dare ita ma a kan benci za ta kwana.

Abin da doka ta ce

Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2014, ta faɗi a sashe na 20 cewa kada ma'aikacin lafiya ko asibiti ya ƙi ba mutum taimakon gaggawa saboda kowane dalili. Wanda ya ƙi, ana iya cinsa tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyu. Sashe na 30 ya ba kowa ikon kai kuka a kan yadda aka yi da shi a asibiti, ya kuma ce lalle a bincika. Wata doka ta 2017 ta ce wanda aka harba da bindiga a yi masa magani nan da nan, ko da babu takardar 'yan sanda. Ashe kai kuka ba rashin kunya ba ne. Hakkinka ne.

Tun kana wurin

In mara lafiyarka yana cikin hatsari, kada ka ɓata lokaci wajen cacar baki da nas. Sau da yawa ita kaɗai ce, ba ta kuwa da ikon ƙaro likita ko magani. Tambayi wanda yake shugabancin aiki a wannan dare, ka ce masa a fili, "Jini yana zuba," ko "Yaron yana suma." In ba za su iya ba, roƙi takardar tura ku babban asibiti a Sakkwato tun da sauran lokaci.

Sa'an nan ka rubuta, ko ka sa wani ya rubuta maka: ranar, ƙarfe nawa kuka iso, ƙarfe nawa aka duba ku, abin da aka ce ku saya. Adana kati da rasit duka. Magana tana shuɗewa, takarda kuwa tana nan.

Bi matakala ɗaya ɗaya

Da fari, rubuta wa babban likitan asibitin, ko shugaban ɗakin shan magani in a ƙauye ne. Shafi ɗaya ya isa, da Hausa ma ya yi. Faɗi abin da idonka ya gani kaɗai, ban da zagi, ban da jita-jita. Faɗi kuma abin da kake so: bayani ne, ko mayar da kuɗi, ko gyara. Yi kofi biyu, a sa hannu a kan naka.

In mako biyu ko uku suka wuce ba amsa, kukan babban asibiti sai a kai wa Hukumar Kula da Asibitocin Jiha a Sakkwato. Na ƙaramin asibiti kuwa a fara da kwamitin ci gaban mazaɓa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Asibitocin Gwamnatin Tarayya, irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, suna da ofishin SERVICOM, tsarin da aka kafa a 2004 domin sauraron irin wannan kuka.

In duk wannan bai yi ba, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammed. Tana da ofishi a kowace jiha, ba ta karɓar ko kwabo. Amma fa kada ka bari wata goma sha biyu su wuce, za su kuma tambaye ka ko ka fara bin matakan ƙasa. In kuwa sakacin likita ne ya jawo mutuwa ko naƙasa, Majalisar Likitoci ta Nijeriya ce mai bincike, sai dai tana bukatar takardar rantsuwa.

Mu ma mu duba namu

Ba kowane jinkiri ne na asibiti ba. Wani a gida yake farawa, sa'ad da ake jiran maigida ya dawo daga kasuwa kafin a fita da mai naƙuda, ko a kwana uku ana jiƙe-jiƙe ga yaro mai sanƙarewar wuya. Mai kai kuka ya faɗi wannan ma in ya faru, domin gaskiya ce take ba takardarsa nauyi.

Maƙwabcina ya yarda daga baya, muka zauna muka rubuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka mai unguwa da dattawa biyu suka raka shi, tsoronsa kuwa ya ragu. Bayan mako uku babban likitan ya kira shi, ya ba shi haƙuri, ya kuma sa aka manna sunan likitan dare da lambar wayarsa a bango. Wannan bai mayar masa da ɗansa ba. Amma ya ce mini, "Malam, ko ba kome, wata za ta tsira."

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In irin wannan ya same ka, ɗauki takarda da alƙalami.