Harshen Wutar Gas Ya Kan Faɗi Ciwonsa

Duk wanda ya san Kamazou, unguwar nan ta ƙasar Chikun da ke kudu da kogin Kaduna, ba nisa da matatar man da aka buɗe cikin 1980, ya san gidaje da dama sun jingine itace da risho sun koma ga tukunyar gas. Abu ne mai kyau, gama ya rage wa iyali hayaƙi da wahala. Amma fa sabon baƙo sai an koyi halinsa. Kukan da mu ke yawan ji shi ne, wuta ta yi ja tana ɓata gindin tukunya, ko ta yi ƙasa, ko tana mutuwa. To, muna so malamai da akawuna su fahimci dalilin wannan, don su ne jama'a kan tambaya.

Gas ɗin da ake ɗurawa cikin tukunya iri biyu ne a gauraye, furofen da biyuten. Ba ya ci sosai sai ya gamu da iska mai yawa, kamar mudu 24 na iska ga mudu ɗaya na furofen. Saboda haka aka yi wa murhu wata 'yar ƙofa a ƙarƙashinsa, inda gas zai ja iska su cakuɗu kafin su iso bakin wuta. Wannan dabara ita ce Robert Bunsen, wani masani na ƙasar Jamus, ya kyautata cikin 1855. In gauraye ya yi daidai, harshen wuta zai fito shuɗi, tsaye, ba hayaƙi. In ya canja kama, to, akwai magana.

Idan wuta ta yi rawaya tana lilo, tana barin kunkunniya a gindin tukunya, iska ce ta yi kaɗan. Galibi miya ce ta zuba ta toshe ramukan kan murhu, ko ƙurar hunturu, ko kuwa gizo-gizo da kyankyaso sun yi gida a hanyar iska. Sai a rufe gas daga kan tukunya, a bari murhu ya huce, a cire kansa a wanke da ruwan sabulu, a sakace ramukan da tsinke, ya bushe sarai kafin a mayar. Amma ɗan ramin nan da gas ke fitowa, kada a kuskura a buɗa shi da ƙusa. An auna shi ne a masana'anta, in ya faɗaɗa murhu ya lalace.

Idan kuwa wuta tana tashi sama da bakin murhu tana huci, sa'an nan ta mutu, iska ce ta yi yawa, ko gas na zuwa da ƙarfi fiye da kima. Nan sai a tuhumi regileta, watau na'urar da ake ɗaura wa kan tukunya don ta rage ƙarfin gas. Ba a gyaranta a gida, sakewa ake yi. In wuta ta yi ƙanƙanta ko an murɗa maɓalli har ƙarshe, a fara ɗaga tukunya a ji nauyinta, watakila gas ne ya kusa ƙarewa. In da saura, a duba tiyo ko ya lanƙwashe.

Abin da ya sa muka ɗauki wannan magana da nauyi ba asarar kuɗin gas kaɗai ba ce. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fid da wata iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Farkonta ciwon kai da jiri, ƙarshenta barcin da ba a tashi. A Amurka da Kanada, inda ake ɗumama ɗaki da murhun furofen, akan bar wutar ta yi rawaya da gangan don ta yi kama da ta itace, amma yawancin irin waɗannan murahu suna da bututun da ke kai hayaƙin waje. Murhun girkinmu ba shi da wannan. Don haka wanda ya rufe ƙofa da taga ya kunna gas, ko ya shigo da gawayi, wai don maganin sanyin Janairu, ya yi wasa da ransa da na 'ya'yansa.

Saura batun yoyo. Shi gas ba shi da wari na kansa, da gangan aka sa masa wannan ɗoyi don a farga. Ya kuma fi iska nauyi, sai ya kwanta a ƙasa yana jiran tartsatsi. In an ji warinsa, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. A rufe tukunya, a buɗe ƙofofi. Bayan wari ya fita, a shafa kumfar sabulu a mahaɗan tiyo, a buɗe kaɗan. Inda kumfa ta kumbura, nan ne ɓarakar.

Muna roƙon malamai su koya wa yara wannan a aji, gama sau da yawa su ake aika su ɗora ruwa. Abin da ya fi ƙarfin wanki da sakata kuwa, a kira masu sana'ar. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyashe mu, amin.