Gadon da ke Bayan Direba

Yawancin tirelolin da ke ratsa Tambuwal su nufi Jega suna ɗauke da gado a cikin kansu. Mai zaune bakin titi yana ganin tayu da tamfol da buhunan albasa, amma ba ya ganin gadon, don yana can bayan kujerar direba, labule ya rufe shi. Ni shi nake fara dubawa idan na hau kan mota, saboda sana'ata ke nan: ɗinkin kujerun mota da yankan katifa. Mutumin Kebbe ne ni, aiki ya zaunar da ni Tambuwal, a kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Shagari, ta wuce mu zuwa Aliero, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jebba, Ilori, har Legas. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,000, kuma babbar mota mai kaya ba ta cinye ta a yini guda. Dole direba ya kwana a hanya, sau da yawa ba dare ɗaya ba.

Direbobin da suka manyanta suna tuna zamanin Marsandi 911 mai bodin katako. Babu gado a cikinta. In dare ya yi sai a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, ko direba ya lanƙwashe a kujerar gaba, ƙafa na dukan ƙofa. Da DAF ta ƙasar Holan da MAN ta Jamus suka yawaita, daga baya Howo ta Sin ta biyo, sai kan mota ya zama ɗaki. Yawanci gado biyu ne. Na ƙasa a kafe yake, ƙarƙashinsa akwai wurin ajiya. Na sama kuwa naɗewa yake yi: da rana a ɗaga shi ya manne da bangon baya, da dare a sauke shi. Tsawonsa wajen mita 2, faɗinsa bai cika wuce santimita 60 zuwa 80 ba. Wannan na saman shi ne mai ba da wahala, kuma a kansa nake son yin magana.

Dabarar ta girmi tirela. Wajen shekarar 1900 wani mutum mai suna William Murphy yana zaune a ɗaki guda a birnin San Faransisko na Amurka, ɗakin bai isa gado da wurin karɓar baƙi ba, sai ya ƙera gadon da ke shigewa bango. Har yau da sunansa ake kiran irin gadon a can. Daga gidaje dabarar ta shiga motocin da Turawa ke mayarwa gida su yi yawon hutu da su, masu ɗakin girki da banɗaki a ciki. A irin waɗannan motoci gadon na tsaye a bango da rana, kujerar zama a gabansa. Da dare a kwantar da kujerar, a janyo gadon ya sauka a kanta. Wasu ma daga rufin motar gadon ke saukowa da lantarki. Su don hutu suke shiga, direbanmu don neman abinci, amma ƙarfe da soso ba su san wannan bambanci ba. Abin da ke lalacewa can shi ke lalacewa nan, sai dai namu ya fi saurin lalacewa saboda hanya da zafi da ƙura.

Gado mai naɗewa abu uku ke riƙe da shi. Akwai hinjis, inda yake juyawa. Akwai abin da ke ɗaukar nauyinsa idan an sauke, wani bel ne irin na kujera guda biyu da suka sauko daga rufi, wani kuma ɗan ƙaramin shokozoba irin wanda ke riƙe murfin but na ƙaramar mota. Sai sakata ko ƙugiyar da ke tsare shi idan an ɗaga. Motar da ta zo mana daga Turai ta riga ta yi shekaru tana aiki kafin ta hau jirgin ruwa, don haka duka ukun sun sha jiki tun kafin su ga ramin farko tsakanin Mokwa da Jebba.

Sakata ce ke fara gazawa. Girgiza tana cin bakinta a hankali, sai gadon ya fara ƙara a bayan kunnen direba, kwas-kwas-kwas, tun daga Dogon Daji har inda Allah ya kai shi. Direba ya gaji ya cusa tsumma, ko ya ɗaure da igiyar roba ta tsohon tif. Robar tana riƙewa har ranar da zafi ya tsinka ta. In ta tsinke mota na tafiya, gadon sai ya faɗo da duk abin da aka cusa bayansa, a daidai kan mutumin da ke riƙe da sitiyari. Na sha ɗinke kujerar da ƙarfen gado ya yage mata wurin jingina kai, kuma duk lokacin da na ga irin yagewar nakan auna tazarar da ke tsakaninta da ƙeyar direba. Ba ta kai tafin hannu ba.

Shokozobar nan kuwa mutane ba su fahimce ta ba. Iskar naitirojin ce aka matse a cikinta da ɗan mai, roba ta toshe bakin. Da roba ta bushe iskar sai ta riƙa zurarewa, gadon ya yi nauyi a hannu, ya daina tsayawa inda aka bar shi. Da sanyin hunturu ta fi yin rauni, shi ya sa a watan Disamba da Janairu ake yawan kawo ƙorafin gado na faɗowa da kansa. A jikin kowace akwai lamba da harafin N, wato ƙarfinta. In za a sauya a nemi mai lamba ɗaya da tsawo ɗaya, kuma a sauya duka biyun tare. In aka sa sabuwa gefe guda aka bar tsohuwa a ɗayan, gadon zai riƙa murɗewa har hinjis ya tsage. In aka sa wadda ta fi ƙarfi, gadon ba zai yarda ya kwanta ba, kuma wajen ɗagawa zai iya fizge hannu. Abin da nake roƙon masu walda da yaransu shi ne kada a huda ta, kada a kai mata wuta, kada a jefa tsohuwa cikin bolar da ake ƙonawa. Tana fashewa.

Game da walda ma akwai magana. In hinjis ya ɓalle daga bango, abin da ya fi sauƙi shi ne a ɗiga masa wuta a wuce. Amma bangon kan mota falle ne marar kauri, masana'anta ta sa ƙarfe mai ƙwari ne a wuraren da notuna ke shiga kaɗai. Wanda ya liƙa hinjis a kan fallen, gadon zai ɗauki jaka, ba zai ɗauki ƙato ba, kuma a ƙarƙashinsa wani ne ke kwance. Ko a ƙasashen da ake sa ido kan kayan masana'anta abin na faruwa: a 2022 hukumomin Amurka sun sanar da janye gadajen bango kimanin 129,000 na wani kamfanin Kanada, saboda suna ɓallewa daga bango su danne mutum, har wata tsohuwa ta rasu. Na gida ne waɗannan, ba sa ko motsi. To ina ga wanda ke shan girgiza kullum?

Yanzu ga ɓangarena, katifa. Gado mai naɗewa ba ya karɓar katifa mai kauri, don in ta yi kauri ba zai rufu ba. Direba ya zo ya ce, "Malam, ƙara mini soso, bayana na ciwo." Gaskiyarsa ce, bayan na ciwo. Amma in na ƙara kauri sakata ba za ta kama ba, sai a koma ɗaurin roba. Maganin shi ne soso mai tauri, wanda in ka danna da yatsa yake turo ka, ko da bai fi inci 3 ko 4 ba. Ya fi tsada, shi ya sa mai mota yakan ce a sa na arha. Na arha kuwa kafin damina ta zagayo ya lotse a daidai ƙugu, mutum yana kwance yana jin katako.

Sai abin rufi. Direbobi na son leda mai sheƙi saboda ana goge ta da tsumma. A watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato ke haura digiri 40, kwanciya kan leda a cikin kan mota azaba ce. Zufa ba ta da inda za ta shiga, sai ta taru ƙarƙashin mutum. Ni yadi mai kauri nake ba da shawara, mai zif, wanda za a cire a wanke. Kuma a huda ƙananan ramuka a katakon da katifar ke kai, don iska ta ratsa. Mota takan tashi daga busasshiyar iskar nan ta shiga damshin Legas, ta yi kwanaki a layin Apapa ko tana jiran a sauke albasa a Mil 12. Direba ya tashi da asuba ya naɗe gado da zufar dare a jiki, katifa ta manne da bango ba iska. Kafin a ankara ƙasanta ya yi baƙi-baƙi, ga wari, ga tari da direba ba ya sanin daga ina ya samo shi. Masu motocin hutu na Turai ma wannan na cikin manyan koke-kokensu, sai dai su sanyi ne ke tara musu raɓa ƙarƙashin katifa. A bar gado a sauke na ɗan lokaci bayan an tashi, a buɗe ƙofofi, a fitar da katifa rana duk lokacin da aka samu tsayawa mai tsawo. Ranar garinmu tana korar kuɗin cizo ma, waɗanda ke son ɗinkin gefen katifa da lungun hinjis.

Akwai abin da ya fi duk wannan damuna, kuma ba na ƙarfe ba ne. A motoci da yawa gadon sama ya daina zama gado, ya koma kanta. A kansa ake jibga jakar kaya, da risho, da galan, da buhun shinkafar da aka sayo daga fadamun Kebbe za a kai gida, wani lokaci har da jak. Yaron mota, wanda dominsa aka yi gadon, sai ya kwana ƙarƙashin tirela a kan kwali, sauro na cinsa, da asuba kuma a ce ya duba taya ya ɗaure tamfol da idon da bai rufu ba. Wasu iyayen gida suna ganin raini ne yaro ya kwana sama da kansu. Ban ga raini a nan ba. Yaron nan ɗan wani ne aka ba ka amana, kuma shi ne direban gobe. Yadda ka kwantar da shi haka zai kwantar da nasa yaron. Ban da haka, duk wani abu mai nauyi da ke kan gadon sama, in aka taka birki da ƙarfi gaba zai yi, kuma gaba nan kawunan mutane ne da gilashi. Saboda wannan dalilin ne bai kamata mutum ya hau gadon sama ya kwanta mota na tafiya ba, ko da ragar da ake ɗaurawa gefensa tana nan, balle a yawancin motocinmu an daɗe da yanke ta an yi wani amfani da ita.

Haɗari na ƙarshe shi ne hayaƙi. Da zafi wasu kan bar inji na aiki don sanyaya ɗaki su yi barci. Da hunturu wasu kan shigo da garwashi ko su kunna risho su rufe gilashi. Gubar da ke cikin hayaƙin inji da ta gawayi ba ta da wari ba ta da launi, kuma mai barci ba ya farkawa ya gudu. In salansa ta huje ƙarƙashin kan mota, ta nan take shigowa. A bar gilashi da 'yar kafa, a sa gidan sauro, a kashe inji, wuta kuma ta tsaya waje.

Me ya sa mai ɗinkin kujera zai yi ta zancen gado? Saboda barci ɓarawo ne, in ba a ba shi haƙƙinsa da dare ba zai ƙwata da rana, a kan sitiyari, da tan 30 na siminti daga Kalambaina a baya. A Tarayyar Turai doka ce: direban babbar mota ba ya wuce awa 9 yana tuƙi a yini in ba da ƙarin da aka ƙayyade ba, bayan awa 4 da rabi sai ya huta minti 45, kuma akwai na'ura a motar da ke rubuta komai. Gadon da ke cikin DAF an yi shi ne don a cika wannan doka. Mu mun sayo motar da gadonta, dokar ta tsaya can. Direbanmu kuma ga shi matsalar tsaro ta sa ba ko'ina yake iya tsayawa ba, sai ya kai gari mai mutane irin Tambuwal ko Koko, a gajiye liƙis. In hanya ta yanke, kamar yadda gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye a 2017, kan motar nan shi ne gidansa na kwanaki. 'Yan awannin da ya samu ya kamata su zama barci na gaske, ba juye-juye kan lotsattsen soso ba, da kofi da ƙwaya da safe don a cike giɓi.

Iyayen gida masu motoci, ku da ba ku jinkirin sayen taya ko sauya mai: idan mota ta shiga gareji, ku ce a duba sakatar gado da hinjis da bel, ku biya kuɗin soso mai kyau, bai kai kuɗin taya guda ba. Shugabannin ƙungiyar masu motoci ta NARTO da na ƙungiyar direbobi a tashoshinmu, ku sa wannan cikin abin da kuke faɗa wa mutanenku. Direbobi kuma, don Allah ku sauke kaya daga gadon sama ku bar yaranku su kwanta.