Tambayar da Jami'o'in Amurka Ke Yi wa Ɗalibi Bayan Ya Ci Jarrabawa

Tun daga shekarar 1978 da aka kafa hukumar JAMB, maganar shiga jami'a a ƙasar nan magana ce ta maki. Yaro zai zauna jarrabawa, a duba abin da ya samu, in ya kai a ba shi gurbi, in bai kai ba ya jira baɗi. Ba safai akan tsai da shi a tambaye shi dalilin da ya sa ya zaɓi likitanci ya bar aikin gona ba. Saboda haka ɗalibin da ya juya akalarsa zuwa Amurka yakan yi turus sa'ad da ya tarar cewa bayan takardun shaidar jarrabawa, da wasiƙun malamai, akwai sauran aiki a gabansa, watau rubutun insha'i. Kuma ba ɗaya ba ne.

Galibin manyan jami'o'in Amurka suna karɓar takardar neman shiga ta wata kafa guda da ake kira Common Application, wadda kwalejoji 15 suka fara a 1975, yanzu kuwa makarantun da ke cikinta sun haura dubu. A nan ɗalibi zai rubuta babban insha'i guda, wanda bai wuce kalmomi 650 ba, a kan rayuwarsa. Wannan shi ne ake aika wa kowace jami'ar da ya nema, har iyakar 20. Amma da yawa daga cikinsu ba sa gamsuwa da shi, sai kowace ta ƙara tata tambayar. Wadda ta fi yawan fitowa, ko da an sāke mata riga, ita ce: wane fanni kake so ka karanta, me ya jawo ka gare shi, kuma don me sai a nan?

Tsawon amsar ya danganta ga makaranta, yana kuma canzawa shekara shekara. A 'yan shekarun nan MIT, wadda ke da nata fom ɗin dabam, ta riƙa ba da kalmomi kamar 100, Yale da Pennsylvania kamar 200, Purdue 250, Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Cornell kuwa har 650.

Dalilin wannan tambaya yana cikin yadda aka tsara jami'o'in. Cornell, wadda aka kafa a 1865 a garin Ithaca na jihar New York, misali ce mai kyau. Ba a neman shiga Cornell a dunƙule. Tilas ɗalibi ya zaɓi ɗaya daga cikin kwalejojinta: ko ta aikin gona da kimiyyar halittu, ko ta injiniya, ko ta fasaha da kimiyya, ko ta zanen gine-gine, ko ta hulɗar ma'aikata da masana'antu, da sauransu. Kowace tana da tambayarta, kuma takardar za a auna ta ne da ma'aunin kwalejin da aka zaɓa. Abin da ya ƙara wa lamarin sarƙaƙiya shi ne, fanni ɗaya yakan kasance a kwalejoji biyu. Ana karanta ilmin halittu a kwalejin gona, ana kuma karanta shi a ta fasaha da kimiyya. Haka ilmin kwamfuta, yana kwalejin injiniya, yana kuma ta fasaha da kimiyya. Darussan fannin kusan ɗaya ne, amma abin da ke kewaye da su ya bambanta: a can a haɗa wa ɗalibi da lissafi mai zurfi da kimiyyar injiniya, a nan kuwa a ɗora masa harshen waje da tarihi da falsafa. Wanda ya rubuta cewa yana son kwamfuta kurum bai amsa tambayar ba. Mai karantawa yana so ya san ko ɗalibin ya lura da ƙofofin biyu ne, da dalilin da ya sa ya ƙwanƙwasa wannan ya bar waccan.

Al'adar insha'i ba ta da asali mai daɗin ji. Masanin zamantakewa Jerome Karabel, a littafinsa The Chosen na 2005, ya nuna yadda Harvard da Yale da Princeton suka shigo da auna "hali" a shekarun 1920, ta hanyar wasiƙun shaida da ganawa da bayanin kai, domin su rage yawan Yahudawan da ke cin jarrabawarsu. Zamani ya juya, kayan aikin ya wanzu, manufarsa ta sāke. A yau masu nema sun yi wa guraben yawa ƙwarai, har a 2024 Harvard ba ta ɗauki kashi 4 cikin ɗari na waɗanda suka nema ba. Dubban yara suna zuwa da maki kusan iri ɗaya, sai a koma ga abin da suka faɗa da bakinsu. Bugu da ƙari, a ranar 29 ga Yuni, 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta haramta yin la'akari da launin fata wajen ba da gurbi, amma ta bar wa ɗalibi damar ya bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa. Daga nan jami'o'i da yawa suka sāke tambayoyinsu, nauyin da ke kan rubutun ya daɗa ƙaruwa.

To, ina 'yan ƙasar nan suka fi yin tuntuɓe? A makaranta an koya wa yaro wasiƙar neman aiki, mai buɗewa da ladabi, mai rufewa da ladabi. A gida kuma an koya masa kunya, an ce masa yabon kai jahilci. Waɗannan tarbiyya ce ta gari, amma in aka kwashe su aka zuba cikin wannan insha'i sai su haifi rubutu mai cike da kirari. Ɗalibi zai ce jami'ar ta shahara a duniya, malamanta ƙwararru ne, ɗakunan bincikenta ba su da na biyu. Mai karantawa ma'aikacin jami'ar ne, ya san duk wannan, kuma ya karanta irinsa ba adadi kafin azahar. Akwai gwaji mai sauƙi: a goge sunan jami'ar a sa na wata. Idan rubutun bai girgiza ba, to lalle ba a rubuta shi don ita ba.

Tuntuɓe na biyu shi ne babban buri marar tushe. Ɗalibi zai ce yana so ya kawar da yunwa daga Afirka, ko ya bauta wa ƙasarsa. Niyya ce mai kyau, sai dai kowa yana iya faɗinta, wanda ya taɓa riƙe fartanya da wanda bai taɓa ba.

A ɗauki misalin yaro daga wani ƙauye na ƙasar Kano, wanda ke son ilmin ƙwari a kwalejin gona ta Jami'ar Purdue a jihar Indiana. Idan yana da wayo ba zai fara da yunwar Afirka ba, zai fara da rumbun gidansu. Zai faɗi yadda waken da aka ɗebo da kaka yakan zama gari kafin bazara saboda ƙwari, yadda hakan ke tilasta wa mahaifinsa sayarwa tun farashi na ƙasa, da yadda wata shekara aka kawo wani buhu mai leda biyu a ciki, aka ɗaure bakinsa tamau, waken ya kai damina ba a sa masa magani ba. Daga nan sai tambayar da ta dame shi: me ya kashe ƙwarin? Ya bincika ya gane cewa iska ce ta ƙare musu a cikin buhun. Ya cika kwalabe biyu da wake, ya toshe ɗaya ya bar ɗaya, ya riƙa ƙirga ramukan kowane mako. Sa'an nan ya gano cewa buhun nan, wanda ake kira PICS, ya samo asali ne daga binciken da Farfesa Larry Murdock na Purdue ya fara tare da masana a arewacin Kamaru a ƙarshen shekarun 1980, kafin a soma yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. A wannan jami'a kuma Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha, ya yi aikin da ya ba shi Lambar Abinci ta Duniya a 2009, na samar da irin dawa mai jure fari da ƙuduji.

Wannan yaro bai yi wa Purdue kirari ko sau ɗaya ba, amma ba wanda zai iya cire sunanta ya sa na wata. Ya nuna inda sha'awarsa ta tsiro, ya nuna abin da ya yi da hannunsa a kanta, ya kuma nuna inda iliminsa ya tsaya, wanda shi ne dalilin neman makarantar. Sauran kalmomin da suka rage masa sai ya kashe su a kan darussa biyu ko uku da ya gani a kundin kwalejin, ya faɗi abin da kowanne zai warware masa. Kalmomi 250 sun isa, in dai ba a ɓata hamsin na farko wajen gaisuwa ba.

Akwai hattara a nan. Jera sunayen furofesoshi da lambobin darussa kamar lissafin kayan lefe bai fi kirari da komai ba. Malami yakan yi ritaya ko ya koma wata jami'a, darasi kuma akan daina koyar da shi. Wanda ya ambaci abin da babu shi ya tona wa kansa asiri. Haka kuma wanda ya yabi wani sashe da ke wata kwaleji dabam da wadda ya nema, zai sa a ce ya ɓata hanya. Kuskuren da ya fi kowanne muni, kuma yana faruwa, shi ne a aika wa jami'a insha'i da sunan wata a ciki, domin an kwafo shi daga na jiya.

Wanda bai tsai da shawara kan fanni guda ba kuwa, kada ya ƙirƙiro. Tsarin Amurka, musamman a kwalejojin fasaha da kimiyya, yana barin ɗalibi ya kai ƙarshen shekara ta biyu kafin ya bayyana fanninsa, Yale ma takan bar mai nema ya ambaci fannoni har uku. Abin da ake nema shi ne zaren da ya haɗa su. Amma a kwalejojin injiniya da kasuwanci da jinya al'amarin ya fi tsauri, sauya sheƙa bayan an shiga ba tabbas ba ne. Iyaye, waɗanda da yawansu ma'aikata ne da ke tara kuɗin fom daga albashi, ya kamata su san wannan kafin su matsa wa yaro ya nemi injiniya alhali zuciyarsa na wajen tarihi. Rubutun da aka yi bisa umurni yakan nuna kansa, kuma kuɗin fom, wanda galibi ke tsakanin dala 50 da 90 a kowace jami'a, ba a mayarwa. Ana dai yafe shi ga marasa hali idan an nema.

Sai maganar wanda ya yi rubutun. An daɗe da samun masu karɓar kuɗi su rubuta wa yara, tun daga Nuwamba 2022 kuma da ChatGPT ta fito, na'ura ma tana yi a kyauta. Jami'o'in ba barci suke ba. A 2024 Jami'ar Duke ta bayyana cewa ta daina ba insha'i maki na lamba, domin ba ta da tabbacin cewa salon rubutun na ɗalibin ne, ko da yake tana ci gaba da karanta shi don abin da ke cikinsa. Ma'anar wannan ga ɗalibin da Turanci ba harshen uwarsa ba ne tana da daɗi: ƙawa ta rage daraja, abin da aka gani da ido aka taɓa da hannu ya ƙara. Na'ura ta iya jimla mai santsi, amma ba ta san kwalaben waken nan ba sai an gaya mata. Malami ko yaya yana iya karantawa ya nuna inda ba a gane ba, ya gyara nahawu. In ya wuce nan ya soma sa wa yaro magana a baki, ya cuce shi, domin mai nema yakan sa hannu cewa aikin nasa ne, kuma ana janye gurbi in ƙarya ta bayyana.

A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 'yan Nijeriya kimanin 20,000 ne ke karatu a Amurka, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka. Daga 2025 gwamnatin Amurka ta tsananta sharuɗɗan biza ga 'yan ƙasar nan, saboda haka wajibi ne mai niyya ya binciki halin da ake ciki kafin ya kashe ko sisi. Fom ɗin sabuwar shekara yakan buɗe ranar 1 ga Agusta, masu neman shiga da wuri sukan miƙa nasu a farkon Nuwamba, saura kuwa a farkon Janairu, amsa ta fito wajen ƙarshen Maris. Wanda ya nemi jami'o'i goma yana iya samun kansa da insha'i ashirin ko fiye a gabansa, a daidai lokacin da yake ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar WAEC na jiransa a watan Mayu.