Ɗakin Gwaje-gwaje A Tafin Hannu: Inda Kuɗin Yake

Aikin da a da sai an tanadi ɗaki guda da kwalabe da ƙwararrun ma'aikata kafin a yi shi, yanzu ana gudanar da shi a kan ɗan faranti na gilashi ko roba wanda bai kai tafin hannu ba. A jikinsa an zana magudanai siraran gaske, wasu ba su fi kaurin gashin kai ba. Ɗigon jini ko kaki ko ruwa yana bi ta cikinsu, ya gauraya da sinadaran da aka riga aka zuba, sannan na'ura ta karanta sakamako ta hanyar haske ko lantarki. Da yake abin da ake aunawa kaɗan ne, zafi yana ratsa shi nan da nan, sinadari ma kaɗan ake ci.

Tun a 1979 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ƙera na'urar tantance iskar gas a kan farantin silikon. Amma sai a 1990 ne Andreas Manz na kamfanin Ciba-Geigy a Suwizalan ya fito da manufar haɗa dukkan matakan gwaji wuri guda. A 1999 kamfanin Agilent ya shigar da irin wannan na'ura kasuwa domin binciken ƙwayoyin gado.

A Nijeriya, inda fasahar ta fi shiga shi ne yaƙi da tarin tibi. A Disambar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert ta kamfanin Cepheid. Ana zuba kakin majiyyaci a ɗan kwanson roba, a saka a na'ura, cikin sa'o'i 2 ta nuna ko akwai cutar, da kuma ko ta bijire wa maganin rifamfisin. Tsohuwar hanyar rainon ƙwayar cuta kuwa makonni take ɗauka. A 2016 Nijeriya ta mayar da wannan gwaji matakin farko ga wanda ake zargin yana da cutar.

Abin da ya kamata mai niyyar zuba jari ya lura da shi shi ne, cinikin ba a kan na'urar ya tsaya ba. Kwanson sau ɗaya ake amfani da shi a jefar, kuma na wani kamfani ba ya shiga. Wanda ya sayi na'ura ya ɗaura wa kansa sayen kwanso daga hannu ɗaya, da kuɗin waje, muddin tana aiki. Daga 2012 zuwa 2023 an riƙa sayar wa ƙasashe masu tasowa kowane kwanso a kan dala 9.98. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana matsa lamba a mayar da shi dala 5. A Satumbar 2023 kamfanin Danaher, wanda ya sayi Cepheid a 2016 a kan kimanin dala biliyan 4, ya rage farashin zuwa dala 7.97. Wannan rangwame ne na hukumomin gwamnati da masu ba da agaji. Asibiti mai zaman kansa yakan biya fiye da haka.

Akwai kuma ɗawainiyar da ba ta fitowa a takardar farashi. Na'urar tana son wuta marar yankewa da ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, ƙura kuma tana lalata ta. A garuruwan da zafin bazara ke haura digiri 40, dole lissafi ya haɗa da na'urar sanyaya ɗaki, da batura ko farantan sola, da kuɗin injiniyan da zai riƙa daidaita ta kowace shekara.