Ledar Fiya Wata Da Kwatocin Sama Road

Duk wanda ya bi Sama Road a Sakkwato bayan an ɗauke ruwa a watan Agusta, ba sai an ba shi labari ba. Ruwa ya baro kwata ya kwanta a titi, 'yan kabu-kabu na ta kauce-kauce, masu shago sun fito da tsintsiya suna zagin hukuma. Amma a leƙa cikin kwatar a ga abin da ya toshe ta: ledar fiya wata, baƙar leda, robar lemo. Ba hukuma ce ta zuba su ba.

Daga Maris zuwa Mayu zafin garin kan haura digiri 40, don haka ba wanda zai ga laifin mai shan ruwa. Laifin yana ga hannun da ke sakin ledar a inda aka shanye ta. Har da mai babbar riga, ya sauke gilashin mota ya wurgo ta ko a jikinsa, alhali a falonsa ko ɓawon gyaɗa yaro ya yar sai ya sha faɗa. Iska ta kwashe ledar ta kai kwata, ta cakuɗe da rairayi, ga shi ba ta ruɓewa. Wadda ta tsira kuma akuya ta haɗiye. Mahauta sun san abin da suke cirowa daga tumbi.

Abin da ya fi ban haushi shi ne yasar ganin ido. Matasa su shiga kwata da shebur, su sha wahala, sannan a jibge dagwalon a bakinta a watse. Ya bushe, ababen hawa su tattake shi, ruwan farko ya mayar da shi inda ya fito. To, me aka yi ke nan?

Ruwan da ya kwanta kuwa gidan sauro ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Nijeriya ne. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, Sakkwato ma ba ta tsira ba.

An gwada bulala a 1984, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon. Da aka ajiye ta, hali ya dawo. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017. A nan, kafin doka ta zo, gyaran na hannun jama'a.

Mai shago da mai shayi kowa ya rataya tsohon buhu a ƙofarsa. Direba ya ajiye leda guda a mota don tara shara. Masu yasa kuma su fara tun Mayu, kuma kada a sa shebur a kwata sai an tanadi baro ko motar da za ta kwashe dagwalon a ranar.