Maganin Kashe Ciyawa da Matsalar Ciyayi Masu Naci a Harabar Gida

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba dalilin da ya sa maganin kashe ciyawa yakan yi aiki a kan wasu ciyayi, ya kuma kāsa a kan wasu, musamman a harabar gida da ɗan lambun da akan yi a bayan ɗaki. An zaɓi gida maimakon gona ne saboda a nan ne yara da kaji da awaki suke zirga-zirga, a nan kuma rijiya take, don haka kuskure kaɗan yana iya jawo ɓarnar da ta fi ta ciyawar kanta. Ƙorafin da aka fi ji daga bakin magidanta shi ne wai maganin yanzu jabu ne, domin an fesa, ciyawa ta ƙone, bayan mako uku ta sake tsirowa. Babu musu akwai jabu a kasuwa. Sai dai a mafi yawan lokuta laifin yana ga rashin sanin halin ciyawar da halin maganin.

2.0 Ciyayin da Ake Magana a Kansu

Ciyawar damina, irin su gude-gude da harƙiya da ƙarangiya, daga iri take tsira, ta yi 'ya'ya, ta mutu idan ruwa ya ɗauke. Wannan ba ta da wahalar sha'ani. Fartanya ta ishe ta muddin an nome ta kafin ta zubar da iri. Masu nacin su ne waɗanda suke ajiye abincinsu a ƙarƙashin ƙasa, kuma uku daga cikinsu sun fi damun mutane: aya-aya da kiri-kiri da tofa. A littafin da LeRoy Holm da abokan aikinsa suka wallafa a 1977 game da miyagun ciyayin duniya, aya-aya, wadda masana ke kira Cyperus rotundus, ita aka sa a farko, kiri-kiri ya zo na biyu, tofa kuwa ta bakwai.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan aya-aya, domin wanda ya fahimce ta ya fahimci sauran. Abin da ido yake gani a sama ganye ne kawai. A ƙasa kuwa akwai ƙwayoyi masu kama da aya, an jera su a kan siririyar jijiya kamar carbi, yawancinsu a cikin santimita 15 na saman ƙasa. Tushe guda yana iya yin ƙwayoyi masu yawa a damina ɗaya. Abin lura shi ne, ba dukkansu suke tsira lokaci guda ba: ƙwayar da ta riga ta tsira takan danne 'yan'uwanta da ke jere da ita, su zauna kamar masu barci. Idan mutum ya sa fartanya ya tsinka jijiyar, ya 'yantar da su ke nan, kowace ta fito da nata ganye. Wannan ne ya sa mai gida yakan nome aya-aya a tsakiyar damina, ya tarar ta ninku. Kiri-kiri da tofa ba su da ƙwaya, amma suna da jijiya mai rarrafe, kuma kowane guntu mai gaɓa da aka yanke aka bari a danshi sabuwar shuka ne. Ƙona tofa da rani ma taimakonta ake yi, domin wuta ba ta kai wa jijiyar, tana dai share mata fili.

3.0 Ire-iren Magani da Yadda Suke Aiki

Kashi na farko shi ne mai ƙona abin da ya taɓa kurum. Fitaccen misalinsa parakwat, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fara sayarwa a 1962 da sunan Gramoxone. Mutane sun so shi saboda cikin kwana ɗaya ko biyu ake ganin ciyawa ta yi jawur. Amma saurin nasa shi ne rauninsa, domin yana kashe ganye tun kafin ganyen ya kai shi ga saiwa, sai ƙwayar aya-aya ta zauna lafiya lau ta sake fitowa. Bayan haka guba ce mai tsanani ga mutum, kurɓa ɗaya tana iya lalata huhu ta yi kisa, kuma ba a san makarinta ba. Tarayyar Turai ta hana shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da hana shi a Nijeriya daga 2024. A ganin mai wannan takarda, ko ba a hana shi ba, ba abin ajiyewa ba ne a gidan da yara suke.

Kashi na biyu shi ne mai ratsa jikin shuka. Gilifoset shi ne shugabansu. John Franz na kamfanin Monsanto a Amurka ya gano amfaninsa a 1970, aka shigar da shi kasuwa a 1974 da sunan Roundup. Yana shiga ta ganye, ya bi hanyar da abinci yake bi zuwa saiwa da ƙwaya, ya toshe wani sinadarin da shuka take buƙata wajen haɗa wasu daga tubalan furotin. Don haka aikinsa a hankali ne, sai an yi mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga ciyawa ta bushe. Ba ya zaɓe: zogale da tumatir da rama duk ɗaya suke da tofa a wurinsa. Shi kuwa 2,4-D, wanda ya fito tun tsakiyar shekarun 1940, yana ratsa jiki shi ma, amma ciyayi masu faɗin ganye ya fi kamawa, dangin kiri-kiri da tofa ba ruwansu da shi. Tururinsa kaɗai ya isa ya murɗe ganyen tumatir da kuɓewar maƙwabci. Akwai kuma halosulfuron, wanda ake amfani da shi musamman a kan dangin aya.

Kashi na uku shi ne wanda ake fesa wa ƙasa don ya tare iri yayin tsira, kamar atirazin na gonar masara. Ba za a daɗe a kansa ba, domin ba ya taɓuka abin kirki a kan jijiyar da ta riga ta kafu, kuma yana gangarawa cikin ruwan ƙasa, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2004. Wanda yake da rijiya a tsakar gida ya nisance shi.

4.0 Dalilan da Ke Sa Magani Ya Kāsa

A ɗauka mutum ya sayi gilifoset na gaskiya. Har yanzu akwai hanyoyi da dama da zai ɓata kuɗinsa. Babbar cikinsu ita ce ruwan da ya dama maganin da shi. Gilifoset yana manne wa laka, kuma da zarar ya manne ya daina aiki. Wannan ne ma ya sa ba ya kashe irin da aka shuka bayan feshi. To wanda ya ɗebo ruwan kududdufi mai dauɗa ya zuba a injin feshi ya kashe wani kaso na maganin tun bai fara ba. Ƙurar da ta lulluɓe ganye lokacin hunturu haka take yi. Ruwan rijiya mai yawan sinadarin alli shi ma yana rage masa ƙarfi, ana kuwa gyara wannan da ɗan takin amoniyam salfet da za a narkar a ruwan kafin a zuba magani.

Sai maganar lokaci. Tun da ta ganye maganin yake shiga, dole ne a sami ganye mai yawa, ɗanye, mai girma. Mutane da yawa sukan fara sare ciyawa sannan su fesa wa kututture, alhali sun yanke ƙofar da maganin zai bi. Haka nan ciyawar da fari ya yanƙwana ba ta tura abinci zuwa ƙasa, don haka ba za ta tura guba ba. Ana so a sami kimanin awa 6 ba a yi ruwan sama ba bayan feshi, sannan a haƙura mako guda kafin a sa fartanya. Ko an cika waɗannan sharuɗɗa, ƙwayoyin aya-aya masu barci ba sa shan abin da zai kashe su, saboda haka dole a sake feshi idan suka tsira, sau biyu ko uku, wani lokaci har damina ta zagayo. Ƙara yawan magani fiye da abin da takardar jikin kwalba ta ce ba ya maye gurbin wannan maimaici. Sau da yawa ƙona ganyen kawai yake yi da wuri.

Akwai kuma turjiya ta gaskiya, wato ciyawa ta daina jin magani saboda an daɗe ana fesa mata iri ɗaya, masu jurewa suna tsira suna hayayyafa. An fara tabbatar da haka game da gilifoset a Ostireliya a 1996, sannan a Malesiya a 1997, a jikin tuji, ciyawar da muka sani a bakin hanyoyinmu. Game da lafiyar mutum, hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa gilifoset cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo ciwon a 2015, hukumomin Amurka da Turai kuwa ba su amince da haka ba, har Tarayyar Turai ta sabunta izininsa na shekara 10 a 2023. Muddin masana na jayayya, safar hannu da doguwar riga da wanka bayan feshi ba asara ba ne, kuma kada a mai da kwalbar ma'ajin mai ko ruwan sha.

5.0 Abin da Ya Fi Dacewa da Gida

Rauni biyu ne aka sani ga aya-aya: bushewa da inuwa. Ƙwayar da aka tono aka bari a rana cikin bazara, kamar Maris ko Afrilu, takan bushe ta mutu cikin 'yan makonni. Ashe ke nan tonon da yake ƙara ta da damina shi ne yake kashe ta da rani, idan aka yi shi da zurfi, aka juya ƙasar sau biyu ko uku, aka tsince abin da ya fito. Jijiyar kiri-kiri ma haka. Tofa ita ma ba ta son inuwa. Manoman kudancin Binin sun yi amfani da wani irin karara mara ƙaiƙayi sun rufe gonakinsu da shi har ya danne ta, cibiyar IITA kuma ta yi bincike a kan wannan dabara. A gida, wake mai yaɗo ko dankalin Hausa yana iya yin irin wannan aiki, haka kuma kwali mai kauri da aka shimfiɗa aka danne da ƙasa. Leda mara kauri kuwa aya-aya huda ta take yi ta fito.

Gishiri da baƙin man mota, waɗanda wasu ke zubawa a gindin katanga, suna kashe ciyawa kam, amma gishiri yana cin ginin ƙasa ya hana wurin shukuwa, baƙin mai kuma yana bin ruwa ya sauka rijiya. Inda ciyawa ta shiga tsakanin zogale ko furanni, feshi bai dace ba. Sai a dama gilifoset bisa ƙa'ida, a sa safar roba, a ɗaura tsumma a bakin sanda, a shafa wa ganyen ciyawar kaɗai da sassafe kafin iska ta tashi, a kuma tsare kaji da awaki har ganyen ya bushe.